Yara Ashirin da Biyu a Gida Mai Lamba Bakwai

Litinin, ƙarfe uku na yamma

An koma makaranta. An sake ba ni aji ɗaya, shekara ta shida ke nan. Benci goma sha shida ne a ɗakin, kowanne yana ɗaukar yara uku in ba su yi faɗa ba. Yara arba'in da shida na rubuta yau, har da Auta tawa. Tun a gida ta yi mini alkawarin ba za ta kira ni Umma a aji ba, amma kafin a kaɗa ƙararrawar hutu ta kira ni sau huɗu.

Hedimasta ya tara mu a ofishinsa ya karanta mana takarda daga ofishin ilimi. Kada aji ya wuce yara hamsin. Kuma sai wanda gidansu ke wannan ɓangaren na babban titi za a ɗauka. 'Yan tsallaken titi, tun da an rufe ƙananan azuzuwan makarantarsu bayan abin da ya faru a lokacin ruwa, an ce su tafi makarantar bayan kasuwa. Na tambaye shi me ya faru takamaimai, don ni ma magana iri uku na ji. Ya ce, "Malama, ba a rubuta a takardar ba."

Laraba, bayan an tashi

Hamsin da takwas. Iyaye a bakin ƙofa tun kafin maigadi ya gama shara. Uwa ta faɗi sunan yaro da adireshi, in rubuta, ta tura shi ciki ta juya da sauri kamar wadda ta bar tukunya a wuta.

Malamar aji biyu ta leƙo ta taga, ita da ke da yara arba'in da huɗu tana miƙe ƙafa. Ta ce, "Ke kam kina da farin jini bana." Na ce ta zo ta ɗebi rabin farin jinin, kyauta na ba ta.

Abin da nake son sani, ina aka ɓoye yaran nan duk shekarun baya? Unguwar ba ta ƙara faɗi ba. Ban ga sabon gini ba sai shagon mai taya.

Juma'a, da rana

Saba'in da ɗaya. Muryata ta fara dishewa.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Tamanin da uku. Huɗu-huɗu a benci, sauran a tabarma gaban allo, har in na ja da baya ina rubutu sai na taka yatsan wani. Kiran suna kaɗai ya ci mini minti ashirin. Kafin in kai na ƙarshe, na farko ya nemi fita fitsari, in ya tashi kuwa sai goma sun tashi.

Harafin b muka yi. Na zana shi babba, na ce kowa ya kwafa. Na samu duba na yara sha tara kafin lokaci ya ƙare. Sauran sittin da huɗu ban san abin da suka zana ba. Wataƙila d suka yi, kuma za su yi ta yin d har a kai su aji biyu.

Akwai wata yarinya a benci na uku kusa da taga da ta tsaya mini a rai. Ranar Juma'a tana da ɗan tabo a haɓa, bakinta bai huta ba, har ta gyara mini waƙar ƙirga. Yau babu tabo, kuma ko tari ba ta yi ba. Riga ɗaya, takalmi ɗaya, suna ɗaya. Ko gajiya ce ta fara nuna mini abin da babu?

Talata, bayan la'asar

Hedimasta ya ce in kai masa rajista ranar Litinin mai zuwa. Na taho da ita gida don in gyara inda na yi gaggawa. Da na bi layin adireshi da yatsa sai na ga abu. Gida mai lamba bakwai, layin masu walda. Na sake gani. Na sake gani. Na ɗauko fensir na ƙirga, yara ashirin da biyu, duk 'yan shekara shida, duk a gida ɗaya, kuma sunan mahaifi bai maimaitu ba sai sau ɗaya.

Na nuna wa Baban Auta, shi da gyaran famfo ya shigar da shi kusan kowane gida a yankin nan. Ya yi dariya har ya ajiye kofin hannunsa. Ya ce, "Lamba bakwai? Ɗaki biyu ne da tsakar gida kamar tafin hannu. Wata tsohuwa ce a ciki ita da kyanwarta." Sai dariyar ta ɗauke. Ya dube ni ya ce, "Rubutun waye wannan?" Na ce nawa ne mana. Sai ya fita wanke babur ɗin da ya wanke da safe.

Alhamis, da safe kafin in fita

Tabon ya dawo jiya. In ya ɓace yau, to ba idona ba ne.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Na je lamba bakwai. Ba wanda ya aike ni, ƙafata ce ta ƙi zama.

Ƙofar ƙarfe ce shuɗiya tsakanin shagunan walda biyu, sai na ɗaga murya sau uku kafin a ji sallamata. Tsohuwa ce doguwa, tana zaune a kujera 'yar tsuguno tana yanke farce da reza. Iya ake ce mata. Ina faɗin ni ce malamar aji ɗaya ta ce, "Ai na san za ki zo, na ma ɗauka tun wancan makon ne. Zauna, 'yar nan."

Na ce, "Iya, an ce mini kina da yara ashirin da biyu."

Ta ce, "Ashirin da biyu kawai? To wasu ba su kai nasu ba tukuna."

Ta tashi ta ɗaga labulen ɗaki na biyu. Gado ne na ƙarfe da ledar shimfiɗa a ninke a kai, da babban baho, da almakashi rataye a ƙusa. Ashe ungozoma ce, shekara talatin da wani abu tana aikin, sai bara ta ajiye da hannunta ya fara rawa. Matan tsallake nan suke zuwa haihuwa, don ta fi musu asibiti kusa.

Ta ce, "Duk yaron da aka rubuta miki, a kan gadon nan ya fara kuka. Ni na yanke masa cibi, ni na yi masa wankan farko. In an tambayi mutum ina ne gidansu, ba inda aka haife shi zai faɗa ba? Wanda ba a nan aka haife shi ba, uwarsa ta zo ta roƙe ni, na ce a'a, ni ba na ƙarya."

Na yi dariya, ita kuwa ko murmushi. Na ce ofis inda yaro ke kwana suke nufi. Ta ce, "To su zo su ce mini haka da bakinsu. Wanda ya zauna ya ja layi a kan titi, ya taɓa tafiya bayan kasuwa riƙe da hannun ɗan shekara shida?"

Na tambaye ta abin da ya faru a makarantar tsallake. Ta mai da rezar cikin takardarta a hankali, ta ce, "An rufe dai." Sai ta tambaye ni ko ina shan ruwan randa.

Da zan fita ta riƙe mini mayafi. "Ke ma ai na san fuskarki. Ba ke ce ke hawa gadar sama kowace safiya da 'yar yarinya mai jan jaka ba?" Na ce rana ta yi, Iya, sai na sake zuwa.

Litinin, bayan an tashi

Na kai rajista. Hedimasta ya karɓa bai buɗe a gabana ba.

Na warware zancen tabo. Na riƙe yarinyar bayan an tashi, yau marar tabon ce, na durƙusa na ce, "Wa ya zo jiya-jiyan nan, ranar Juma'a?" Ta daɗe tana murza bakin rigarta, sannan ta ce, "'Yar'uwata." Tagwaye ne. Ranar da uwarsu ta kawo su an ce mata a bakin ƙofa aji ya cika, guri ɗaya ya rage. Sai ta rubuta ɗaya, ta saya musu riga ɗaya, yau wannan gobe waccan. Wadda ta zo takan koya wa wadda ta zauna abin da aka yi.

Na ce, "To me kika koya mata ranar da kika zo?" Ta ce, "Ba na jin abin da kike cewa, Malama, ana surutu. Sai in ce mata ba a yi komai ba."

Na ce gobe su zo su biyu, ko da kayan gida. Tamanin da huɗu ke nan. Ni na ƙara da bakina, a makon da ake neman ragi.

Laraba, ƙarfe biyu da rabi

Hedimasta ya kira ni, ya sa na tura ƙofa. Rajista a buɗe gabansa, ya ja layi da jan biro ƙarƙashin kowace lamba bakwai. Mutumin kirki ne, saura shekara biyu ya yi ritaya, kuma ba ya son abin da zai taɓa masa fayil.

Ya ce jami'i zai zo daga ofis Juma'a ta sama ya ƙirga yara da idonsa. Kafin nan in kawo masa sunaye talatin da huɗu da za a mai da bayan kasuwa. Na ce ta yaya zan zaɓa? Ya ce, "Ki fara da 'yan gidan tsohuwar nan, sauran sha biyu ki bincika. Malama, sau ashirin da biyu hannunki ya rubuta adireshi ɗaya. Ba ki lura ba?"

Na ce akwai cunkoso ranar.

A nan dai, tun da ba mai karantawa, tun a na biyar na lura.

Alhamis, da yamma

Na ja layuka talatin da huɗu a farar takarda. Ban sa suna ko ɗaya ba.

Asabar, bayan azahar

Na ce bari in auna hanyar bayan kasuwa da ƙafa, in san abin da ake magana a kai. Na tafi da Auta. Daga gindin gadar sama muka fara, na duba agogo. An bi ta tashar manyan motoci, an tsallaka kwata kan katako biyu, an ratsa layin mahauta, sannan a zagaya kasuwa. Minti hamsin da biyu. A minti na talatin Auta ta zauna a bakin wani shago ta ce ƙafarta ta mutu. Goya ta na yi sauran hanyar, tana ƙirga mini motoci a kunne.

Makarantar ba laifi. Na leƙa ajinsu na ɗaya ta taga, benci sha huɗu. Ban san inda za su zuba talatin da huɗun ba.

A dawowa muka biya gidan Yaya, da yake bayan katangar makarantarmu take. Ta ba Auta ruwa ta tura ta wasa da yaranta, sannan ta rage murya ta ce, "An ce za a bi gida-gida. In sun zo nan me zan ce musu? Ko kayanta kala ɗaya babu a gidan nan, ki kawo ko tsohon takalmi ne in ajiye a bakin ƙofa." Na ce zan yi tunani. Ta ce, "Kullum tunani. Ke kika rubuta adireshina, ni ban roƙe ki ba."

Lahadi, da hantsi

Baban Auta ya ce in ba Hedimasta abin da ya nema in tsira da aikina, yarinya kuma ta koma gidan Yaya da kwana har ƙura ta lafa. Na ce su kuma sauran wa za su koma wa? Ya ce, "Ke kika haife su?" Tun daga nan gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Laraba, bayan an tashi

Tagwaye sun zauna benci ɗaya, ɗaya da rigar makaranta, ɗaya da ta gida. Mai tabon ce ke maimaita wa 'yar'uwarta duk abin da na faɗa a kunne, kamar tafinta. Yau marar tabon ta rubuta b daidai. Na ga wannan da idona, cikin tamanin da huɗu.

Na cika layi na farko a takardar, da fensir. Sunan da na fi iya rubutawa ne. Na kasa na biyu.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Jami'in ya zo ƙarfe tara. Siriri ne mai tabarau, da jaka a hammata, ba shi da fuskar mugunta. Ya tsaya a ƙofar aji ya rasa inda zai sa ƙafa, sai da yara uku suka naɗe tabarmarsu. Ya ƙirga ya samu tamanin da ɗaya. Ya sake ya samu tamanin da shida. Na ce masa ba sa tsayawa guri ɗaya ne, tamanin da huɗu ne.

Ya gyara murya ya ce, "Yara, wanda gidansu ke lamba bakwai, layin masu walda, ya ɗaga hannu."

Ashirin da biyun suka ɗaga, an koya musu a gida. Na kusa da su suka ga an ɗaga, su ma suka ɗaga. Yaran aji ɗaya ne, sun san duk wanda ya ɗaga hannu shi ake yabo. Kafin ya sauke takardarsa hannu tamanin da huɗu na sama, wasu biyu-biyu, ana ta "Ni! Ni, Malam!" Ɗan mai shagon da ke jikin ƙofar makaranta har tsaye ya miƙe a kan benci. Auta ma hannunta na sama, tana kallona ko zan yaba mata.

Hedimasta ya zubo da gumi. Jami'in ya cire tabarau yana gogewa, kafaɗarsa na rawa don dariya, ya juya wa yaran baya don kada su gani.

A ofis ya nemi takardar sunaye. Na miƙa masa. Ya ce, "Suna ɗaya ne a nan." Na ce, "Ita kaɗai na tabbatar da inda take kwana, ranka ya daɗe. 'Yata ce. A tsallake muke, adireshin yayata na rubuta mata." Hedimasta ya rufe ido. Jami'in ya tambaye ni ko na san hanyar bayan kasuwa. Na ce minti hamsin da biyu da ƙafar babba mai goyo, na faɗa masa kwatar da katakon. Wannan ya rubuta a littafinsa. Ya ce shi ƙirga aka aiko shi, ba shi ke yanke hukunci ba.

 

Talata, da rana

Takardar tuhuma ta zo. Kwana uku in ba da amsa. Na amsa a layi shida, ban yi wa kowa ƙarya a ciki ba, ban kuma ambaci Iya ba.

Alhamis, da yamma

Baban Auta ya dawo da wuri. Ya ce an kira su aiki a makarantar tsallake, ana sa sababbin bututu, ya ga magina a ƙananan azuzuwan. Na ce tun yaushe? Ya ce tun Litinin. Na ce to me ya gani a ciki, me ya faru a can? Ya ce, "An riga an shafe da siminti." Sai ya tura mini kofinsa ya ce in sha, muryata kamar ta zakara mai mura.

Litinin, ƙarfe biyar da rabi

An raba ajina biyu, safe da yamma, har zuwa ƙarshen wata. Ba a kori kowa ba. Ni ce duka biyun, Malamar aji biyu ta ce za ta riƙe mini awa ɗaya kullum, ta daina zancen farin jini.

Yara arba'in da biyu a ɗaki. Na gama kiran suna cikin minti biyar na tsaya ina kallonsu, na rasa me zan yi da sauran lokacin. Na bi benci-benci na duba littafin kowa. Goma sha bakwai d suke yi.

Laraba, bayan an tashi

Amsar ofis ta iso. Gargaɗi a fayil, da canjin wurin aiki. Farkon wata za a buɗe ɗaki uku a makarantar tsallake, ni ce malamar aji ɗaya a can, 'yan tsallake su bi ni. Hedimasta ya miƙo mini takardar da hannu biyu, ya ce, "Ki yi haƙuri, Malama, horo ne suka rubuta." Na ce na gani. Na tambaye shi yara nawa ne a can. Ya ce ba wanda ya ƙirga tukuna.

Asabar, da hantsi

Na je ganin ɗakin. Minti shida daga ƙofar gidanmu, babu gada. Yana warin sabon fenti, allon bai bushe ba, benci goma sha takwas a jere ba wanda ya taɓa zama a kai. Na zauna a na ƙarshe don in ga ko ana ganin allo daga can. Ana gani.

Ina fitowa na tarar da wata mata a ƙofa da yarinya riƙe da zanenta. Ba ta cikin tamanin da huɗun, tun farkon zango tana gida. Matar ta ce, "Malama, an fara rubuta suna?" Ba a fara ba, rajista ma ba a kawo ba, amma ina da biro da bayan takardar canjin wurin aikina. Na dafa a jikin bango na rubuta sunan, na ce, "Ina ne gidanku?"

Ta tsaya tana kallona, tana auna abin da ya kamata ta ce. Yarinyar ce ta saki zanen, ta miƙa hannu ta nuna ƙarshen layi, ta ce, "Ga shi can, mai igiyar shanya."